Modan a Tsakiyar Allon Garba Tela

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Lokacin da na fara koyon rubuta allon shago, na ɗauka Modan sunan mutum ne. Ko'ina na duba a Kafanchan sai in ga MODERN: a shagon aski, a gidan hoto, a gidan burodi, wurin mai gyaran rediyo, har a ƙofar wani bayan gida na biya da ke tasha. Na ce a raina, wannan Mista Modan ba ƙaramin attajiri ba ne, lalle daga Anacha ya taso ya saye rabin gari. Ranar da na tambayi maigidana, Oga Titus, ko ya taɓa ganin mutumin ido da ido, ya yi dariya har fenti ya zube masa a wando, sannan ya ranƙwashe ni saboda wandon. Ya ce, "Ayuba, kai firamaren ma rakiya ka yi wa 'yan'uwanka." Bai yi ƙarya ba. A aji uku na tsaya, kuma malamin ne ya fi ni murna.

Shi ya gaya mini abin da kalmar take nufi: abin zamani, abin da ake yayi yanzu, wanda ba na kakanni ba. Ya ce ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, sai ta jingina da wani abu, kamar mutumin da ya fito daga gidan burukutu yana neman bango. Ka jingina ta da aski, ya zama askin zamani. Ka jingina ta da burodi, ya zama burodin zamani, ko da kuwa na shekaranjiya ne. Da kowa a layi ya zama Modan, sai aka fara neman ƙari. Wani mai kemis a Zonkwa ya sa na rubuta masa NEW MODERN, maƙwabcinsa ya gani ya ce shi ULTRA MODERN yake so, kuma harufansa su fi na wancan ƙiba. Shagunan biyu kwano ɗaya ya rufe su, ɓera ɗaya ke yi musu sintiri.

Ku yaran yanzu da kuke buga allo a kwamfuta a kan leda, kukan tsaya a bakin rumfata ku ce, "Baba, ai wannan rubutu ne kawai, ko ɗan firamare zai yi." To, ku zauna ɗan firamaren ya ba ku labari.

Aikin farko da Oga Titus ya ba ni shi ne goge tsatsa. Shi mutumin Kagoro ne, ya yi zamanin da jirgin ƙasa ke da rai, shi ke rubuta lambobi a jikin taragai kafin ya buɗe rumfarsa. Ya miƙo mini sanfefa da wani tsohon langa-langa ya ce in goge har in ga fuskata a ciki. Na ce, "Oga, wannan fuskar ko a madubi ba a son ganinta." Damina ta zo ta wuce ina goge tsatsa, ina wanke buroshi da kananzir, ina riƙe tsani. Buroshin rubutu kuwa ko taɓa shi ban isa in yi ba. Yana da wani siriri da ya haɗa da kansa da gashin jelar akuya, yakan naɗe shi a tsumma ya sa a aljihun gaba kamar biro.

Ga yadda ake yi, tunda kun ce da sauƙi. Kafinta ya buga maka katako, ka ɗora langa-langa, ka goge. Ka shafa jan fenti na ƙasa wanda ke hana tsatsa, ka bar shi ya bushe, ba bushewar ido ba, bushewar da ko farce ka sa ba zai shiga ba. Sannan launin fili. Sannan ka shafa wa zare alli, ka ja shi ya miƙe, ka ɗaga tsakiyarsa ka saki, ya bar maka layi. Ka zana harufa da alli tukuna, domin idan ka fara da ƙarfinka a hagu, ka iso dama wuri ya ƙare, harufan ƙarshe za su matsu kamar fasinjojin motar Kagoma ranar kasuwa. Hannunka ba ya taɓa allo, a kan sanda mai tsumma a kai yake hutawa. Numfashi ma sai ka ƙare jan layi. O ɗina na farko, Oga ya dube shi ya ce ƙwan agwagwa ne da aka taka.

Fenti iri biyu ne, ku riƙe wannan, za ku buƙace shi a gaba. Akwai fentin mai, shi ne na allo, yana sheƙi, ruwa ba ya yi masa komai. Akwai fentin ruwa, na bangon ɗaki. Idan ka shafa na ruwa a kan na mai ba tare da ka goge da sanfefa ba, zai zauna lafiya lau muddin sama ba ta yi magana ba.

Akwai kuma doka ɗaya da Oga Titus ya fi riƙewa fiye da Dokoki Goma. Langa-langa yana da tsada, saboda haka in shago ya sauya hannu, sabon mai shi yakan sauke tsohon allo ya kawo a shafe a rubuta nasa. Oga ya ce, "Ba a shafe sunan mai rai sai da bakinsa." In mutum ya mutu, a tambayi iyalinsa. In yana da rai, ko a Legas yake, sai ya zo ko ya aiko. Dalili kuwa, a layinmu muddin allon mutum yana rataye a kan ƙofa da sunansa, shagon nasa ne a idon jama'a, ko da ya yi tafiya, mai gida ma yana jin kunyar sa wani. Ranar da aka shafe suna, magana ta ƙare. Buroshinmu shi ne alƙalin ƙarshe.

Allon da na fara yi ni kaɗai daga farko har ƙarshe na Malam Garba tela ne. Garba haifaffen Kafanchan ne, mahaifinsa goro ya sayar a tasha har ya tsufa. Ya kama shago a layinmu, a gidan wata gwauruwa, Mama Rifkatu. Na yi masa fili rawaya, GARBA a sama da baƙi, TAILORING a ƙasa da baƙi, MODERN a tsakiya da ja, har da inuwa a gefen kowane harafi. A kusurwa na zana keken ɗinki. Ya zo ɗauka ya tsaya yana kallo, ya karkata kai.

"Malam Ayuba, wannan akuyar fa? Na ce maka ina sayar da dabbobi ne?"

"Keke ne, Malam. Ba ka ga allura ba?"

"Na ga gemu dai. To wannan jan na tsakiya, me ya ce?"

"Ya ce kai telan zamani ne."

"Madalla. Ka ƙara masa ja."

Garba shi ke ɗinka anko na zumuntar matan majami'armu, da rigunan mawaƙa, da kayan makarantar yarana. In watan Kirsimati ya kama, mata daga Kagoro da Kagoma sukan cika bencinsa har bakin kwata, kowacce da atamfa a hammata, suna zaginsa yana yi musu alkawarin ƙarya. "Gobe, Mama, gobe in Allah ya so." Wata ta taɓa ce masa goben tela ta fi zuwan Yesu na biyu nisa. Ni kuma kullum da rana nakan tsallaka in zauna a bakin shagon, ya ba ni goro, ya gyara mini Hausa. In na ce matata ya tafi kasuwa, sai ya ce, "Subhanallahi, Ayuba, namiji ka aura?" Ranar salla tuwo da nama su zo gidana, ranar Kirsimati shinkafa ta je gidansa, kazar kuwa shi ke zuwa ya yanka da hannunsa don kada ya sami hujjar ƙin ci.

Sai shekarar rikici ta zo. Ba zan gaya muku wanda ya fara ba, kowa a garin nan yana da nasa labarin, kuma kowa yana da kabarin da zai nuna. Shaguna sun ƙone, gidaje sun ƙone. Da hayaƙi ya kwanta sai gari ya rabu, kowa ya kwashe ya koma inda masu irin sunansa suke. Garba ya cire kan kekensa ya sa a buhu, ya kwashi iyali zuwa Zariya. Shagonsa bai ƙone ba, ƙofa kawai aka ɓalle. Allon yana nan a sama, da akuyarsa.

Abin kunyar faɗi ne, amma ban taɓa samun aiki kamar na wannan shekarar ba. Kowa ya sake wuri, kowa na son allo. A nan ne kuma kalmar nan ta Modan ta sami sabon amfani wanda Oga Titus bai koya mini ba, domin ya riga ya huta kafin lokacin. Mutane suka daina sa sunansu. Suna yana faɗin inda mutum ke sujada, kuma ba wanda ya san ranar da za a sake karanta alluna da fetur a hannu. Wani mai aski da na sani tun yana goye ya ce, "Baba, cire Bitrus ɗin, bar Modan kawai." Wani mai walda ya aiko daga ɗaya gefen garin a cire Sani. Dukansu da bakinsu, na shafe. MODERN BARBING. MODERN WELDING. Ba Musulma ba ce, ba Kirista ba ce, sai kowa ya shige bayanta ya ɓuya. Mista Modan ɗina ya saye garin da gaske.

Da kaka ta wuce, wata safiya na ga an jingina allon Garba a rumfata. Wanda ya kawo shi Markus ne, wan matata, dattijo a majami'armu. Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Injin niƙansa da shagonsa sun ƙone ƙurmus a wancan gefen, kuma ƙanensa ya fita ranar bai dawo ba. Mama Rifkatu ta ce ya zuba 'yan kayan tireda a shagon Garba ya riƙe, kafin a ga abin da Allah zai yi.

Ya ce, "Suruki, aikin ba yawa. Ka bar Modan ɗin yadda yake, jansa bai mutu ba. Ka sa Markus a sama, kayan tireda a ƙasa. Wannan dabbar kuma ka mai da ita gwangwanin madara."

Na ce, "Dattijo, Garba ya aiko ne?"

"Ya aiko wa? Mutumin da ke Zariya?"

"Ka san dokar Oga."

"Oga yana kabari. Yarana suna gida, ba su karya ba. Ko sai na kira ƙanwata ta roƙe ka?"

Na ce fenti ya ƙare. Ya dawo bayan kwana biyu, na ce hannuna na ciwo. Ranar Lahadi bayan sujada ya tare ni a gaban mutane, ya ce da ƙarfi, "Ayuba, wai kai allon ɗan'uwanka ne ya fi ƙarfinka, ko na wancan ne ya fi maka daraja?" Kowa ya juyo yana kallona. A wannan shekarar irin wannan tambaya ba wasa ba ce. Na ce ya zo ranar Laraba.

Na ɗauko ragowar fentin ruwa da na shafa wa ɗakin wani malami, na ƙara masa ruwa, na haɗa rawaya daidai da ta filin. Sanfefa tana rataye a ƙusa, ban dube ta ba. Na rufe GARBA, na rufe TAILORING, na rufe akuya. Na rubuta MARKUS da harufan da ban taɓa yin masu kyansu ba, na zana gwangwanin madara wanda kowa ya yarda gwangwani ne. Sunan Garba yana ƙasa, ko ƙwarzane bai samu ba. A lissafina ban shafe ba, mayafi na yafa masa. In kun tambaye ni dalili zan ce fentin mai ya yi tsada.

Rani ya wuce allo yana sama, Markus yana gaishe ni da hannu biyu. Sai wata Asabar da rana hadari ya taso daga wajen dutsen Kagoro, ruwan farko, irin mai dukan kwano kamar ana bin sa bashi. 'Yan acaba suka fake a rumfunan layin. Ina zaune ina kallon ƙetaren titi. Da farko M ɗin MARKUS ta fara hawaye. Sannan rawaya ta soma zuba a bango kamar kunu. Kafin ruwa ya tsagaita, gwangwanin madara ya narke, akuya ta leƙo. Wani ɗan acaba ya yi ihu, "Kai jama'a, Garba ya dawo!" Aka kwashe da dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a layin, sannan aka tuna abin da ya kore shi, kowa ya kau da kai.

Markus ya tsallako cikin ruwa ba lema.

"Ayuba, da gangan ka yi."

"Dattijo, ni na yi ruwan sama?"

Ya juya ya koma. Mama Rifkatu kuwa ta tsaya a ƙofar gidanta ta daɗe tana duban allon. Washegari ta ce wa Markus ita ba za ta iya kwana sunan mutum yana kallonta ba. Ta ba wani direban Zariya saƙo a nemo Garba a ce masa shagonsa yana nan. Markus ya kwashe kayansa ya koma wani ɗan kes na katako a bakin titi, inda damina ta lalata masa sukari da ashana. Bai sake miƙewa sosai ba. Har ya rasu, maganarmu ba ta wuce ina kwana ba. Ni kuma aka sa mini suna Ayuba Kunu. Rabin gari suka ce aikina ba ya jure ruwa, sauran rabin suka ce sun san abin da na yi, kuma dukansu suka kai aikinsu wani wuri. Allon majami'armu ma a Jos aka yo shi.

Garba ya dawo. Na wanke masa allon da soso, ya fito fes kamar ranar farko. Amma iyalinsa a wancan gefen ya ajiye su. Yakan zo da hantsi, ya rufe kafin la'asar, salla kuma a cikin shago yake yi da ƙofa a saye, shi da dā yake shimfiɗa buzunsa a waje yaranmu suna tsallake ƙafarsa. Mata sukan gaishe shi daga titi, "Malam, an dawo lafiya? Ya iyali?", atamfa a hammata, su wuce. Wasu sukan aiko da facin wando a ɓoye. Ankon zumuntar mata aka ba wa wata 'yar majami'a da ta koyi ɗinki, ba wanda ya ce don me, ba wanda ya tambaya. Mutanen gefensa kuma ba sa tsallakowa layinmu don ɗinki. Watan Kirsimati ya kama, na tsallaka na same shi shi kaɗai a bencin nan, yana sa wa keke mai, keken da ba abin da ya ɗinka tun safe. Ya miƙo mini goro. Na ce matata ya gaishe ka, da gangan. Bai gyara ba.

Bayan sabuwar shekara na ga baro ya tsaya a bakin rumfata, allon a kai, Garba a baya. Ya sami wani lungu kusa da gidan da ya kama, ya ce can ba ya buƙatar allo, kowa ya san shi.

Ya ce, "Na ji labarin dokar maigidanka, na kuma ji labarin kunu. To ga ni na zo da bakina. Ka shafe. Wannan karon da na mai."

Na ce, "Malam, ka ƙara haƙuri zuwa wata Kirsimatin mana."

"Haƙurin ai ba ya shiga tukunya, Ayuba. Ka shafe, in ka sami mai so ka rubuta masa."

Na goge da sanfefa, na shafa na mai hannu biyu. GARBA ya tafi, TAILORING ya tafi, akuya ta tafi. Tsakiyar na bari, domin a saninmu duk wanda zai zo zai so ta. Ba wanda ya zo. A 'yan shekarun nan ne injinku na leda ya iso gari, mai fitar da allo kafin mutum ya gama cin rake, da hoton mai aski na Amurka da ba a taɓa gani a Kafanchan ba. Rana ta cinye shi a shekara guda, a sake bugawa, ba mai tambayar sunan wa aka yar a kwata. Ku ma yanzu ba ku cika sa Modan ba, na ga wasu kalmomin kuke yayi, ita ma ta tsufa. Ni abin da ya rage mini shi ne lambar gida da rubutun kan kabari, wanda masu shi ba sa kawo ƙara. Allon Garba yana bayan rumfa, fili rawaya, ja a tsakiya, ba komai sama ba komai ƙasa. In kun leƙa za ku gan shi, kaji na fakewa a ƙarƙashinsa.

Ranar da Garba ya kawo shi, da ya juya baronsa zai tafi, sai ya tsaya ya nuna jan rubutun da haɓa.

"Wai me ka ce mini wannan yake nufi?"

Na ce, "Na zamani."

Ya gyaɗa kai, ya dubi layin daga sama har ƙasa, shagunan da ba suna, da ƙofar Mama Rifkatu a rufe.

Ya ce, "Wane zamanin, Ayuba? Wanda ka rubuta shi a ciki, ko wannan?"